Shokar gaba na yoyo? Ƙannena, kar ku yi saurin kwancewa

Ƙannena masu mashin a nan Jos, musamman ku da kuka fara riƙe Boxer ko Jincheng kwanan nan, maganar shokazobar gaba nake so mu yi, don na ga yawancinku da kun ga mai ya ɗan jiƙa ƙarfen shokar sai ku ruga Dilimi ku sayo sil, wato zoben robar da ke hana man shoka zuba, ku kwance komai a tsakar gida. Ni ma haka na yi, kuma kuɗina da lokacina sun tafi a banza, saboda ban tsaya na gano ainihin ciwon ba.

Fara da gwaji. Ka zauna kan mashin, ka matse birkin gaba, ka danna kan da ƙarfi ka saki. Lafiyayyar shoka za ta nutse ta dawo a hankali ta tsaya. In ta riƙa rawa sama da ƙasa to mai ya ragu ko ya mutu, in kuma ta nutse har ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, ko dai man ya ƙare ko sifirin ya gaji. Amma fa ba duk ƙarar gaba ba ce ta shoka. Na taɓa kwance ƙafafun shokar biyu gaba ɗaya saboda wani ƙwas ƙwas da nake ji duk sanda na faɗa rami, ashe boris ɗin wuya ne ya saki. Da na ɗora mashin a babban jak, wani ya danna baya tayar gaba ta tashi, na kama ƙafafun daga ƙasa na ja gaba da baya, da tun a nan zan ji wasan.

Yoyon ma kala kala ne. Ƙurar hunturun nan tana shiga ƙarƙashin leɓen sil ta ɗaga shi, mai ya samu hanya alhali sil ɗin bai lalace ba. Ka ɗaga robar da ke tare ƙura a sama, ka yanko siririn filastik daga gorar ruwa, ka zura shi a hankali tsakanin sil da ƙarfen ka zagaya, ka jawo dattin waje, ka goge, ka danna shokar ka sake dubawa. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Sannan ka shafa farcenka a jikin ƙarfen mai sheƙi, in ka ji tsatsa ko wani ɗan ƙurzunu to shi ke yanka sil, ko sabo ka sa zai sake yanka shi. Ƙarami ana iya lallaɓa shi da samfefa mai laushi sosai da ɗan mai, in ya yi zurfi sai canji.

Inda na fi cutuwa shi ne wajen mai, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Wani ya ce min ai mai mai ne, na ɗauko ragowar baƙin man inji na ɗura da ido, babu awo, ƙafa ɗaya ma ta fi ɗaya. Kun san sanyin Jos a Disamba da Janairu, da asuba man nan ya yi kauri shokar ta sandare kamar taɓarya, duk gargadar hanya a kafaɗata take sauka, kan mashin kuma yana ɗan ja gefe, daga baya ƙafar da na cika ta turo sil ta fara zuba, don in mai ya yi yawa iskar da ke sama ba ta da wurin matsewa. Kuma man da ke gangarowa in ya kai ga birkin gaba ya jiƙa shi, ranar da ka matse ba zai kama ba, wallahi wannan ba abin wasa ba ne. Ku nemi man shoka na ainihi, yawancin ƙananan mashinan nan mai lambar kauri 10W suke sha, ku duba littafin mashin ku ga mililita nawa kowace ƙafa ke ɗauka, ku auna da babban sirinji, biyun su zo daidai.

In dole sai ka kwance, ka sassauta murfin sama tun ƙafar na ɗaure a jikin mashin, don in ka cire ta juyawa kawai za ta yi a hannunka. Haka notin alanki na can ƙasa, ka sassauta shi tun sifirin na ciki yana danne da sandar cikin shokar da notin ke ɗaure a jikinta, ni na cire sifirin tukunna, notin ya yi ta juyawa da sandar tare har na gaji na kai wa bakanike a Farin Gada. Wajen buɗe murfin ka danne shi da tafin hannu ka kawar da fuska, sifirin na turo shi. Ka juye tsohon man, ka wanke ciki da kananzir ya bushe. Ka jera sifirin biyun a ƙasa, in ɗaya ya fi gajarta ka canza su tare. Ƙarfen kuma ka mirgina shi kan gilashi, in ya lanƙwashe za ka gani yana ɗagawa.

Sa sabon sil na son natsuwa. Akwai kilif ɗin waya a samansa, cire shi kafin ka banƙaro tsohon, kuma kar sukudireba ta karce gidan. Sabon, rubutunsa sama yake kallo. Ka shafa masa mai, ka rufa wa bakin ƙarfen leda kafin ya wuce, ka doka shi da guntun bututun roba, banda guduma kai tsaye. Bayan ka zuba mai ka tura ƙarfen sama da ƙasa har kumfa ta daina fitowa kafin sifirin ya koma.

Da ka mayar da taya, kar ka gama ɗaure notocin tukunna, sauke mashin ka danna gaban ya daidaita kansa sannan ka ɗaure. In akwai alamar mai a birki ka canza shi ranar, kuma ka fara gwaji a layinku a hankali kafin ka hau titin Bauchi.