Ƙannena, Ra'ayi Ba Ya Shiga Akwati Da Kansa

Kuskuren da ni da yawancin sa'o'ina muka tafka a harkar zaɓe shi ne mun ɗauka zafin ra'ayi shi ne siyasa. Mun iya musu a majalisa da teburin mai shayi, mun haddace waƙoƙin 'yan takara, amma mun raina ƙananan matakan da ke mayar da ra'ayi ƙuri'ar da aka ƙirga. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, mutum miliyan 93.4 ne a rajistar hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, kusan kashi 40 cikin ɗari matasa 'yan shekara 18 zuwa 34. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Ba na so ku bi sawunmu.

Tun daga rajista ake fara asara. Cike bayanai ta intanet sharar fage ne kawai. Sai ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka sannan rajista ta tabbata. Kafin zaɓen 2023, mutum sama da miliyan 10 suka fara ta intanet, sama da miliyan 7 daga cikinsu ba su je sun ƙarasa ba. Wani kuma katinsa ne ya ɓata, ko ya tashi daga Kaduna ya koma Kano, sai ya je ya sake sabuwar rajista. Wannan rajista biyu ce, laifi ce a doka, kuma na'ura tana kamawa. A 2022 an soke sama da miliyan 2.7 daga cikin sababbin rajista miliyan 12.2, saboda maimaici da makamantansa. In katinka ya ɓata, sauyin kati za ka nema. In ka tashi, sauyin rumfa za ka nema, tun ana rajista, domin ranar zaɓe babu zirga-zirga kuma ba ka da ƙuri'a sai a rumfar da sunanka yake. Ɗalibai su ne suka fi faɗawa wannan rami, su yi rajista a makaranta, zaɓe ya riske su a gida. Idan an liƙa sunaye don gyara, je ka duba naka, kwanakin kaɗan ne. Sannan ka karɓo katin da kanka, ba a aike.

Yanzu ga inda aka fi cin mu, wato talla. Fosta, allon bakin titi, waƙa, sojojin baka a rediyo, da yaran da ake saya wa data su kwana suna yabo da zagi a Facebook da TikTok, duk kuɗi ne ke magana. A lokacin zaɓen 2023, dokar zaɓe ta 2022 ta yarda mai neman shugaban ƙasa ya kashe har naira biliyan 5, mai neman gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70. Kaso mai tsoka na wannan kuɗi kunnenka da idonka ake nema da shi. Talla ba laifi ba ce, ɗan takara dole ya tallata kansa. Laifinmu shi ne mun riƙa ɗaukar talla a matsayin labari.

Duk abin da ya iso wayarka, tambaya ta farko ita ce wa ya biya. A rediyo, saurari farkon shiri da ƙarshensa, nan ake faɗar wanda ya ɗauki nauyi. A Facebook da Instagram, tallar siyasa da aka biya tana ɗauke da sunan mai biya a samanta, kuma kamfanin Meta yana da rumbu mai suna Ad Library inda za ka rubuta sunan shafi ka ga tallace-tallacen siyasar da ya saya. Sai dai mafi haɗari ba ya bi ta nan. Yana zuwa ne ta WhatsApp, daga yayanka ko malaminka, babu suna babu kwanan wata, kuma saboda girman wanda ya turo sai ka ji nauyin tuhumarsa. Hoton taron jama'a maƙil, sa shi a Google Lens, sau da yawa za ka tarar na wata shekara ne ko wata ƙasa. Bidiyo mai daƙiƙa ashirin inda ɗan takara ya yi katoɓara, nemi cikakkensa ka ji abin da ya faɗa kafin nan da bayan nan. Muryar da aka ce an naɗa a asirce, ka sani yanzu da ƙirƙirarriyar basira ana kwaikwayon muryar kowa. Akwai masu bin diddigin labarai irin su Dubawa da Africa Check, duba ko sun taɓa shi kafin ka tura wa wani.

Ka fi yin hattara a kwana biyun ƙarshe. Doka ta ce a rufe kamfe awa 24 kafin ranar zaɓe, to a wannan taƙin ne ake sakin “wane ya janye wa wane”, don an san babu lokacin ƙaryatawa. Janyewa tana da wa'adi da takarda a hukuma, ba da tsakar dare ake yin ta a saƙon murya ba. Haka ƙuri'ar jin ra'ayi da ake yi a shafukan sada zumunta: mabiyan mai shafin kawai ta auna, ba ta ji ta bakin tsohuwar da ke ƙauye ba, ita kuwa da asuba take kama layi.

Akwai awon da na so a ce tun farko na san shi: ka ɗora alkawari a kan kujerar da ake nema. Aikin sanata da ɗan majalisa yin doka ne, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan yadda ake kashe shi. Wanda ya ce in ya je majalisa zai biya albashin malaman firamare ko ya kwashe sharar unguwa, ko bai san aikin ba, ko ya san kai ba ka sani ba. 'Yan sanda na tarayya ne. Asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare da kasuwa suna hannun jiha da ƙaramar hukuma. Amma mu sai muka zuba duk ƙarfinmu a kan kujerar Abuja, muka yi sak a sauran, ba mu ko san sunan wanda muka tura majalisar jiha ba. Shi kuwa zaɓen ciyaman da kansila, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kuma shi muka fi gujewa alhali shi ya fi kusa da ƙofar gidanmu. In mai neman ƙuri'arka yana kan kujera, bar abin da zai yi, tambayi abin da ya yi, ka je ka gani da idonka.

Batun taliya da atamfa da 'yan dubbai, mun daɗe muna ruɗin kanmu da “ci kuɗinsu ka zaɓi ra'ayinka”. Ban yarda da wannan ba yanzu. A doka, mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne. Kuma raba naira 5,000 a kwanakin shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a rana ba. Wanda ya biya, a ransa ya gama da kai, ba ka bin sa bashin komai.

Ranar zaɓe ana buɗe rumfa 8:30 na safe, ana rufe layi 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin zai yi zaɓe ko da dare ya yi. Na'urar BVAS za ta tantance ka da yatsa ko da fuska. Wanke hannu kafin ka fito, maiƙo da ƙura suna hana ta karantawa, lalle mai duhu ma kan ba 'yan mata wahala. Da an miƙo maka takarda, juya bayanta: ka ga hatimi, sa hannun jami'in rumfa da kwanan wata. Kada ka raina wannan. A shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'a 165,663 a kan rashin waɗannan alamomi, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da su.

A takardar babu hoton ɗan takara, babu sunansa, sai alamar jam'iyya da haruffanta, kuma wasu suna kama da juna. San taka tun daga gida. Taɓa tawada kaɗan, dangwala sau ɗaya a cikin gidan jam'iyyar, kada ta haura layi. Jira ta sha iska, sannan ka naɗe takardar a tsaye, don in ka ninke ta sama da ƙasa ɗanyar tawada kan manne a gidan wata jam'iyya, ƙuri'a ta lalace. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 kusan ƙuri'a miliyan 1.3 aka ƙi karɓa, na mutanen da suka sha rana a layi. Waya ba ta shiga wurin dangwalawa.

Bayan ka jefa, kada ka tafi gida. A nan muka fi sakaci. Koma gefe cikin natsuwa ka jira ƙirga, ana yin ta a fili da murya. Riƙe lamba biyu: adadin da BVAS ta tantance, da adadin ƙuri'un da aka samu a akwati. In na biyu ya haura na farko, aringizo ne, ana soke rumfar baki ɗaya, har da taka ƙuri'ar. Saboda haka mai cusa ƙuri'a don “taimakon” gwaninku, ku ya cuta. Haka mai fasa akwati. In tazarar da ke tsakanin ɗan takarar da ya zo na ɗaya da wanda ya zo na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai a ce zaɓe bai kammalu ba. Kanawa ba su manta inkwankulusib na zaɓen gwamna a 2019 ba, inda tazarar ta kasance dubu 26 da ɗoriya, aka sake fita ranar 23 ga Maris. Sakamako ana rubuta shi a fom EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kofi, a liƙa sanarwa a rumfar, a ɗora hoton fom ɗin a IReV, shafin INEC na duba sakamako a intanet. Ɗauki hoton abin da aka liƙa, ka gwada shi da wanda aka ɗora. A kotu takarda ake nema, “wallahi mun ga mu muka ci” ba hujja ba ce.

Ƙuri'ar raba gardama kuwa, maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu saninta: sun yi ta tazarce a Agustan 2009, suka yi ta sabon kundin tsarin mulki a Oktoban 2010. A Najeriya ba a kawo gyaran kundi gaban talaka. Majalisar tarayya ce ke yi, sannan majalisun jihohi 24 su amince, wani dalilin ke nan da zai sa ka san wanda ka tura majalisar jiha. Ta wannan hanya aka rage shekarun takara a 2018, ɗan shekara 25 ya sami damar neman majalisar jiha da ta wakilai. Wani wurin da doka ta ba ka raba gardama shi ne kiranye, wato sauke ɗan majalisa daga kujerarsa: fiye da rabin masu rajista a mazaɓa su sa hannu, INEC ta tantance, sannan a kaɗa ƙuri'a. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 a wurin tantance sa hannun ya ruguje. In an kawo maka irin wannan takarda, karanta abin da aka rubuta a samanta da kanka, kuma kada ka ba kowa lambar katinka sai ka san abin da za a rubuta ta a ƙarƙashinsa.