Gurasa, zaren ulu da hunturun Bradford

A watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a garin Bradford na Ingila. Azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa, kina naɗe dardumar wannan lokacin waccan ya kawo jiki. Maigida yana jami'a, yara suna makaranta, gida sai ya yi tsit, ba sallamar maƙwabciya, ba mai talla da zai leƙo. Duk macen da ta taso a gidan yawa irin namu na Kano ta san nauyin wannan shirun. Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne aikin hannu, da fita in ga garin da Allah Ya ajiye ni a cikinsa.

Da gurasa na fara, don ita na fi kewa. Fulawar Ingila iri-iri ce: akwai ta kek da cincin, akwai ta burodi mai danƙo, kuma ita ce ke ba gurasa jan nan da ake so. Rabin kilo nake aunawa, da yis ƙaramar leda mai giram 7, gishiri, ɗan sukari, sai ruwan ɗumi har kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, ya fi na burodi saki. Wahalar tana wajen tashi. A gida rana ce ke yi mana wannan aikin, a nan kuwa sai na lulluɓe kwanon da tawul na jingina shi kusa da hita, ya yi wajen awa biyu kafin ya cika ya fara ƙananan idanu. Da na kira Umma na nuna mata a waya, kallo ɗaya ta yi ta ce, "Ƙara masa ruwa, ki bar shi ya huta, kwaɓin gurasa ba ya son gaggawa." Na ce, "To Umma, tanderun fa?" Ta ce in nemi kasko mai kauri.

Haka nake yi har yanzu. Kaskon ƙarfe ya yi zafi sosai, in jiƙa hannu in ɗebo kwaɓin in shimfiɗa, in rufe. Idan sama ta bushe ƙasa ta yi ja, sai in tura ta oben mai zafin digiri 240 ta ƙarasa. Tana daɗi, amma ƙanshin nan na itace da ƙasar tanderu babu shi, kuma ba zan ce akwai ba. Ranar da kwaɗayin ya yi yawa sai in tafi Leeds Road, inda 'yan Pakistan ke manna burodinsu a jikin tanderu kamar yadda ake yi a Jakara, in sayo da zafinsa in yi bandashe. Ƙulin ma da kaina nake yi: in samo markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar sukari, in riƙa ɗiga ruwan zafi ina juyawa har mai ya fito, in soya tunkuzar in daka da yaji.

Saƙa kuwa kwarashi na iya tun ina sakandare, irin na marfin kwano da hular jarirai. A ɗakin karatu na unguwarmu na tarar da wasu dattawan mata da ke haɗuwa da tsinkayen saƙarsu, suna aiki suna shan shayi. Wata daga cikinsu ta zaunar da ni kusa da ita, ta riƙe hannuna ta nuna mini yadda ake ɗaura zare a tsinke biyu. Ita ta koya mini bambanta ulun tumaki da zaren roba. Na tumaki ya fi tsada, ya fi ɗumi nesa ba kusa ba, amma ba ya son ruwan zafi ko murza, nan da nan zai tsuke ya daskare. Da hannu ake wanke shi, a shanya shi a kwance. Ta ce mahaifiyarta a masaƙa ta yi aiki, kuma idan ina son in san garin nan, in je Saltaire, wani ƙauyen masaƙa da ke gefen Bradford.

Daga tashar Forster Square tafiyar kamar minti goma ce a jirgin ƙasa. Kina fitowa za ki ga masaƙar, dogon gini na dutse mai ruwan ƙasa-ƙasa, tagogi a jere har ido ya gaji. Wani attajiri mai suna Titus Salt ya buɗe ta a 1853, ya yi arziki da saƙa gashin alfaka, wata dabba ta Kudancin Amurka dangin raƙumi. A zamanin hayaƙi da cunkoso sun addabi cikin Bradford, sai ya fitar da masaƙarsa bakin kogin Aire, ya gina wa ma'aikata gidaje sama da 800, da makaranta da asibiti da wurin wanka da wanki, ya kuma hana buɗe gidan giya a ƙauyen. Mutum wajen 3,000 ne suka yi aiki a ciki. Titunan ma yawancinsu sunayen iyalinsa suke ɗauke da su, akwai na matarsa Caroline. Har yau mutane na zaune a gidajen, da labulensu da tukwanen furanni a bakin ƙofa.

An rufe masaƙar a 1986, shekara ta zagayo wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta. Yanzu akwai shagon littattafai da wuraren cin abinci a ciki, da zane-zanen mai zane David Hockney, wanda haifaffen Bradford ne, kuma shiga kyauta ne. A 2001 UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya. Ina tsaye a babban zauren, ƙarƙashin ginshiƙan ƙarfen da injina suka taɓa cikawa, raina ya tafi kan masaƙun Kakuri a Kaduna da na Bompai a Kano. Su ma sun ciyar da dubban gidaje, kuma yana yi mini ciwo a ce da yawansu suna nan a kulle ciyawa na cin su.

Tsakanin ginin masaƙar ne mashigin ruwan da aka haƙa daga Leeds zuwa Liverpool ya ratsa, da hanyar ƙafa a gefensa. Idan kika bi ta kamar mil uku za ki isa Bingley, inda aka yi wa jiragen ruwa matakala biyar tun 1774. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofar katako a bayansa, a sako ruwa ya ɗaga shi zuwa ta gaba, a haka har ya hau tudu mai tsayin kusan mita 18. Hanyar tana da taɓo a hunturu, kuma duhu na saurin yi, don haka na bar wannan tafiyar da yara sai watan Afrilu in Allah Ya kai mu. Kafin nan ina so in gama suwaitar autana, saura hannu ɗaya da wuya.