Kaza Mai Kwanci da Idon Yaro

A makon jiya ne ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 4, ya durƙusa ya zura kansa cikin akurki domin ya ga ƙwan da kazarmu take kwanci a kai, sai ta kai masa sara a gefen fatar ido. Allah ya kiyaye, bakin nata bai taɓa ƙwayar idon ba, amma na kwana ina tunanin abin.

Kaza tana saran duk abin da ke ƙyalli yana motsi, kuma idon yaron da ya tsuguna yana daidai tsayin bakinta. Abin da ya fi damuna shi ne, da wannan bakin take tonon shara da kashinta, saboda haka ko ƙaramar ƙarzuwa ce a baƙin ido tana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta, ta bar tabon da zai rage gani.

Wata maƙwabciya ta ce a ɗiga masa ruwan nono, na ƙi. Mun hana shi murza idon, muka kai shi asibiti aka duba. Yanzu ni nake kwaso ƙwai da kaina, fuskata nesa da ƙofar akurkin.