Sayen cuku a hanyar Tawa zuwa Abalak

Da kaka muka tsallaka daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, muka hau motar Tawa. Biki ne ya kai ni Abalak, amma saƙon da gida aka fi nanata mini shi ne cuku: kowa da nasa, har da wadda ba ta ba ni ko dala ba.

A Tsarnawa aka rabu da babbar hanyar Maraɗi aka yi arewa. Badagishiri, Tawa, sai gonakin gero suka fara janyewa, garken shanu suka karɓi fili. Wannan hanyar ce ake kira hanyar yuraniyom, wadda ta wuce Agadas har Arlit, kuma ramukanta sun isa su hana mutum gyangyaɗi. A Tabalak tafki ya cika, masu soyayyen kifi suka yi wa motar caa. Ban tsaya kan kifin ba.

Yawancin jajayen shanun nan masu gajeren ƙaho irin Azawak ne, waɗanda aka sani da yawan nono. Damina na sauka ciyawa ta fito, nonon ya fi ƙarfin shan gida, ga zafi, ga nisan kasuwa. Daga nan cuku ya samo asali. Matan Abzinawa da na Fulani kan jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya ko maraƙin da bai fara kiwo ba, su zuba ruwan a madarar da aka tatso yanzu-yanzu. In ta kama sai a shimfiɗa ta falle-falle a kan asabarin ciyawa, a tsane ruwan, a shanya. Layukan da ke jikin cuku shatin asabarin ne. Ba a dafa madarar, shi ya sa tsabtar mai yi take da muhimmanci ƙwarai.

A kasuwar Abalak mai masaukina ya kai ni wajen wata dattijuwa da ta jera nata a kan faifai. Na miƙa hannu ga wanda ya fi fari.

"Ɗana, ci za ka yi yau ko tafiya za ka yi da shi?"

Na ce tafiya, Inna, har Sakkwato.

"To ajiye wannan. Bai gama bushewa ba, kafin ka kai Ƙonni ya yi fumfuna a leda."

Ta zaro wani mai ɗan ruwan ɗorawa ta ce in lanƙwasa. Ya karye ƙas, ya bar maiƙo a yatsana. Maiƙon nan shi ne shaida cewa ba a yaye man madarar ba kafin a yi. Ta sa na ɗaga shi a rana in duba yashi da gashi, sannan na shinshina. Na kirki ƙamshin madara yake yi da ɗan tsami kaɗan. Wanda ya kwana biyu har mansa ya juya, maƙogwaro ne ke fara faɗa maka. Na akuya ya fi ƙarfin wari da ɗanɗano, na saniya ya fi laushi a baki. Ni dai na saniya na fi so, kodayake mai masaukina ya ce wannan zaɓin 'yan birni ne. Na tambayi na raƙumi, ta yi dariya: nonon raƙuma ba ya kamawa da sauƙi, sha ake yi.

Na ga fasinjoji na saye ta tagar mota a ƙulle cikin leda, direba na danna oda. A ganina asarar kuɗi ce, tunda ba ka taɓa ba, ba ka shinshina ba, ba ka kuma san hannun da ya yi ba.

Da yamma aka ɗora shayi a kan gawayi. Aka ɗan gasa cuku a gefen wutar, muna gutsura muna kurɓa. Washegari uwargidan ta daka shi da gero da dabino ta dama, na sha kofi guda ban nemi abinci ba sai la'asar. Ita ce ta naɗe mini saƙon a tsohon zane mai tsabta, ta ce in na isa gida in baza shi a inuwa ya sha iska kafin a raba.