Ranar rabon maki

Asabar, da daddare.

Yau ban leƙa ko ƙofar gida ba. Tun safe ake yayyafi ba ƙaƙƙautawa, sai na ce bari in biya bashin da ke kaina. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta duk fim ɗin da na kalla, in sa masa maki daga ɗaya zuwa goma, in ƙara layi ɗaya ko biyu kan abin da ya tsaya mini a rai. Kwanakin nan kallon kawai nake yi, sunaye na jera, gefen maki kuwa wayam.

Ban yi nisa ba ƙanwata ta shigo, hutun makaranta ya dawo mana da ita. Ta tsaya a kaina tana leƙe, ta ga na sa wa Oppenheimer, fim ɗin tarihin masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka, bakwai, sai ta riƙe haɓa.

"Yaya, bakwai fa? Fim ɗin da ya kwashe Oscar bakwai? Ko yawan kyaututtukan ka kwafa ka mayar maki?"

Haka ne, a bikin 2024 bakwai ya ɗauka, har da ta fim mafi kyau, da ta darakta wadda Christopher Nolan ya karɓa, da ta babban jarumi da aka ba Cillian Murphy. Ba ni da ja a kan ko ɗaya. Wurin gwajin bam ɗin nan kaɗai ya isa a sara musu. An kai mu hamadar New Mexico, asubahin 16 ga Yuli, 1945, kiɗa yana ta hawa kamar zai tsinke, ana ƙirga daƙiƙoƙi, kowa ya kwanta ya kare idonsa. Ana danna maɓallin sai komai ya ɗauke ɗif. Haske ya cika allo, wuta tana murɗawa tana hawa sama, ba ka jin komai sai numfashin mutane. Sai da ka fara sakin jiki ƙarar ta iso, don haske yana riga sauti zuwa, kuma su suna nesa da wurin. Na san tana tafe, amma duk da haka sai da na zabura.

To amma fim ɗin awa uku ne, kuma bayan bam ya tashi da sauran kusan awa guda. Daga nan sai zaman tuhuma na 1954 a wani ɗan matsattsen ɗaki, inda aka ƙwace wa Oppenheimer izinin sanin sirrin gwamnati, ana sarƙa shi da zaman majalisar dattawan Amurka na 1959 da ya hana abokin gabarsa Lewis Strauss kujerar minista. Ɓangaren Strauss ɗin baƙi da fari aka ɗauke shi don mai kallo ya rarrabe. Dabara ce mai kyau, Robert Downey Jr. da ya fito a Strauss kuma ya yi wasa. Sai dai sunaye sun yi mini yawa, wannan masani ya shigo ya faɗi jimla biyu ya ɓace, wancan ya maye gurbinsa, ga kiɗa ba ya barin magana ta sha iska. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ba a nuna Hiroshima da Nagasaki ba. Na ji hujjar masu cewa da gangan ne, tunda a cikin kan mutum ɗaya aka zaunar da mu, shi kuwa bai je ya gani ba. Na fahimta, amma ban gamsu ba. Bakwai.

Ta ja kujera ta zauna. Idonta ya sauka kan layin da ke ƙasa, inda na ba A Quiet Place takwas, nan fa rigima ta tashi. Wai ta yaya fim ɗin dodanni zai wuce tarihin mutumin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya?

Na ce mata ai ba a haɗa ɗan dambe da ɗan tsere a ce wa ya fi. Kowane fim da alkawarin da yake ɗaukar wa mai kallo a mintunansa na farko, ni kuma abin da nake aunawa shi ne ko ya cika. Wannan na 2018 alkawarinsa ɗaya ne: zan sa ka ji tsoron motsinka. Dodannin ba sa gani, ji kawai suke yi, duk wanda ya yi ƙara ya tafi. Iyali guda suna tafiya ba takalmi a kan yashin da suka shimfiɗa a hanyoyinsu, suna magana da hannu, kuma yarinyar da ta fito a matsayin 'yarsu kurma, Millicent Simmonds, kurma ce da gaske. Idan kyamara ta koma gefenta sai sauti ya ɗauke gaba ɗaya, ka zauna cikin duniyarta. Akwai wata ƙusa da ta miƙe tsaye a matattakala. An nuna mana ita tun da wuri aka wuce, aka bar mu da ita a zuci. Duk wanda ya doshi matattakalar nan sai in ji tafin ƙafata yana tsami. Da dare na kalle shi da iyafis a kunne, har tari na riƙe. Minti casa'in, ba ƙari, ya gama abin da ya zo yi ya sallame ni.

Ta ce, "To me ya hana su komawa bakin ruwan nan mai zubowa da ƙara, inda uban ya nuna wa ɗansa ana iya ihu ba a ji?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ta hana shi tara.

Sai ta zaro waya, wai bari ta kawo mini shaida. Ta buɗe Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin masu sharhin fina-finai, ta nuna mini Oppenheimer ya haura kashi 90. Na ce ta duba na dodannin. Shi ma ya haura. Ta yi tsaki ta kife wayar.

Mutane da yawa suna karanta wannan lambar a karkace. Kashi 90 a can ba tara cikin goma ba ne. Ƙirga ake yi: cikin masu sharhi nawa ne suka ce fim ya yi, nawa suka ce bai yi ba. Idan mutum goma duk suka ce "ba laifi dai", fim ya sami ɗari bisa ɗari ke nan, alhali babu wanda ya burge a cikinsu. Wanda kuwa ya haukata mutum shida, huɗu suka tsane shi, sai ya tsaya a sittin, kuma sau da yawa irin wannan ne ya fi cancantar a ɓata masa dare. Makin shafin fina-finai na IMDb kuwa ƙuri'ar jama'a ce daga ɗaya zuwa goma, kuma ba tarawa a raba kawai suke yi ba, suna da nasu ma'aunin da ba sa bayyanawa, saboda masu taron dangi su ɗaga fim ko su kayar da shi tun bai fito ba. Netflix ma a 2017 suka watsar da taurari biyar suka koma yatsa sama ko ƙasa. Cikin dalilan da suka bayar har da cewa mutane kan ba fim ɗin ilimi tauraro biyar, su ba na shirme uku, amma na shirmen suke komawa suna kallo. Wato mutum yakan ba da makin da zai sa a ce yana da aji. Shi ya sa nake rubuta nawa a takarda, inda ba wanda zan burge. Ko da yake yau ga mai duba jarrabawa ta samu.

Da rana muka koma kan Dangal, wanda ita ta matsa mini in kalla. A wurinta goma ne, ba ragi, ta ce sau biyu ta yi kuka. Labarin Mahavir Singh Phogat ne, ɗan kokawa daga jihar Haryana a Indiya, wanda ya horar da 'ya'yansa mata Geeta da Babita har Geeta ta ci zinare a gasar ƙasashen Commonwealth ta 2010 a Delhi, a ajin kilo 55. Amir Khan ya tara teɓa da gaske don ya fito a uban, ya kuma sauke ta don ya fito a saurayi, wannan kam ba kwalliya ba ce. Kokawar ma an ɗauke ta yadda ko wanda bai san dokar wasan ba zai gane inda maki ke fitowa. Wurin da ya fi taɓa ni ba a fili yake ba. Yaran suna ƙorafin ubansu ya aske musu kai, yana tashinsu gudu tun duhu, sai wata ƙawarsu da ake aurarwa tana ƙarama ta ce musu ita da za ta sami uba mai tunanin gobenta haka, da ta gode. Daga nan fim ɗin ya juya ba tare da dogon wa'azi ba.

Takwas na ba shi. Ɗaya ya tafi saboda fim ɗin bai tsaya ya tambayi kansa da kyau ba ko burin na yaran ne ko na uban da aka ɗora musu. Ɗayan kuma ƙarshen ne ya ci shi. Sai da aka nemo bos ƙarfi da yaji, aka mayar da kocin ƙasa mugu, aka kulle uban a wani ɗaki don kada ya ga wasan ƙarshe, aka ja wasan har daƙiƙar ƙarshe. A zahiri ba a kulle kowa ba, kuma Geeta ba ta sha irin wannan wuyar ba kafin ta kayar da 'yar Ostareliyar da ta kara da ita. Labarin gaskiyar ya isa, ban ga abin da ya sa aka yi masa ciko ba. Ƙanwata ta ce ni dai ba a iya mini.

Sauran ba su ɗauke mu lokaci ba. Mad Max: Fury Road na 2015, motoci sun tafi, motoci sun dawo, iyakar labarin ke nan, amma a hamadar Namibiya aka ɗauki yawancinsa da motoci na gaske, kuma duk wannan hargitsin ban taɓa rasa gane wa ke bin wa ba. Takwas. Wani na barkwanci da aka yi ta kururutawa, duk abin dariyar an riga an zuba shi a tallan, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Uku. Wani na soyayya kuma, da jarumar ta ɗaga waya sau ɗaya da an tashi a minti ashirin. Biyar, kuma albarkacin kiɗansa ya ci.

Da yamma na ce tunda ta zama alƙaliya, ta zo mu kalli wani tare, kowa ya yanke nasa. Na sa 12 Angry Men na 1957. Tana ganin baƙi da fari ta fara miƙa, wai Yaya wannan ai sa'an kakanmu ne. Na ce ta ba shi minti goma sha biyar, in bai kama ta ba ta tashi.

Ba ta tashi ba. Maza goma sha biyu ne, masu taimaka wa kotu yanke hukunci, aka rufe su a ɗaki guda ranar da ake tsananin zafi, ga fanka ta ƙi tashi. Za su yanke ko wani matashi ya kashe ubansa, in sun ce ya kashe, kisa ne hukuncinsa, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Ƙuri'ar farko sha ɗaya suka ce ya aikata, mutum ɗaya, wanda Henry Fonda ya fito a matsayinsa, ya ce shi dai a zauna a tattauna. Bai ce yaron bai yi ba. Ba faɗa, ba mota, ko sunaye ba su da su sai lambobi. Amma da aka zo kan wuƙar da aka ce babu irinta, ya sa hannu a aljihu ya zaro wata sak ita ya kafa a tebur kusa da ta farkon, sai na ji ƙanwata ta ce "kai!" ta gyara zama.

Na gaya mata ta lura da ɗakin. Sidney Lumet, wanda wannan ne fim ɗinsa na farko na sinima, ya fara ɗauka daga sama da idon mutum, ɗakin yana da fili. Yana tafiya yana sauke kyamara yana canza gilashinta, har bango ya matso, rufi ya bayyana a kansu, fuskoki suka cika allo da gumi. Ba ka lura an yi maka, sai dai ka ji numfashinka yana ƙuntata. Ya ci babbar kyautar bikin Berlin a shekarar, an sa shi takarar Oscar uku bai ɗauki ko ɗaya ba.

Aka gama, na rubuta tara ba tare da dogon tunani ba. Ita kuwa shida ta ce, kuma ta zo da hujja, don shari'a take karanta. Ta ce mutumin nan da nake yabo ya karya doka: mai zama a irin wannan kujera ba shi da ikon zuwa unguwar da abin ya faru ya yi nasa binciken, balle ya sayo wuƙa ya shigo da ita, da alƙali ya ji da an rushe zaman. Sannan kowace shaida sai an samo mata ɓaraka, ta tsohon da ke ƙasan bene, ta matar da ta hango ta taga, duka, har abin ya zama kamar marubucin ne ke tura su. Kuma har aka tashi ba a gaya mana wa ya yi kisan ba.

Na ce wannan na ƙarshen ai shi ne fim ɗin, ba a tambaye su wa ya yi ba, an tambaye su ko akwai shakka. Ta ce ta sani, a aji ma haka aka koya musu, amma ita a matsayin mai kallo tana son ta sani. A kan wuƙar kuwa ban sami abin cewa ba. Ta karɓi biron ta rubuta shidanta a gefen tarana, har da sa hannu.

Gobe zaɓinta ne. Ta ce Parasite za mu kalla, na Koriya ta Kudu, wanda a 2020 ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci Oscar ta fim mafi kyau. Ta kafa mini sharaɗi biyu: kada in karanta sharhin kowa kafin lokacin, kuma kada in yi mata bayanin kyamara ana tsakiyar kallo.