Yufoniyam a badujala: busawa da koyarwa

Yufoniyam shi ne ƙahon nan mai kauri da ake rungumewa a ƙirji cikin badujala, ƙanen tuba, babban ƙahon nan mai murya ƙasa-ƙasa. In aka warware bututunsa ya kai kusan mita 2.7, kuma yana ta ƙara faɗi har bakin fita, shi ya sa muryarsa ke da taushi kuma yake cin iska sosai. Na busa shi a fareti da cikin zaure, na kuma koyar da shi, kuma matsalar yawancin ɗalibaina daga numfashi take farawa.

Sabon ɗalibi yakan danna bakin busa a leɓe don ya kai ga sautukan sama. Minti goma leɓen ya kumbura, sauti ya shaƙe. Don haka makon farko ba na ba shi waƙa. Ya ja iska har cikinsa ya cika, kafaɗa ba ta motsa ba, ya riƙe sauti ɗaya na ƙidaya takwas, ya huta takwas. Minti ashirin kullum ya fi awa uku a rana ɗaya. Daga nan sai sauya sauti da leɓe kaɗai, ba taɓa bawul, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu, kafin mu shiga littafin atisaye na Arban na 1864, wanda don konet, wani ƙaramin ƙaho, aka rubuta shi amma har yau da shi muke horo.

Bawul na ɗaya yana sauke sauti mataki ɗaya, na biyu rabin mataki, na uku ɗaya da rabi, na huɗu biyu da rabi. Haɗa na ɗaya da na uku yakan fito ya ɗan haura inda ya kamata, sai a yi amfani da na huɗu a madadinsu. Ƙahoni masu tsada suna da ƙarin bututun da ke gyara sautukan ƙasa da kansu, dabarar da David Blaikley na kamfanin Boosey ya fito da ita a shekarun 1870. Wanda ƙahonsa ba shi da wannan, da kunne da leɓe zai gyara.

Yanayinmu ma yana da nasa. Ƙaho in ya sha rana sautinsa hawa yake yi, sai a ɗan ja babban bututun saiti waje. Da sanyin asuba kuwa a tura shi ciki. Ƙurar hunturu tana maƙale bawul. A zare su ɗaya bayan ɗaya, a goge da ƙyalle mai laushi, a ɗiga man bawul ɗigo uku. Man gyaɗa ko na keken ɗinki danƙo yake yi. Kowane bawul da lambarsa, in aka musanya su iska ba za ta wuce ba, kuma sau da yawa ƙahon da aka kawo mini wai ya lalace wannan ne kawai ciwonsa. A yi wa ƙahon wanka da ruwa mai ɗumi, tafasasshe yana ɓare fentin jiki.

Mai son ya ci abinci da wannan sana'a ya koyi karanta rubutun kiɗa iri biyu. Badujalar soja da ta 'yan sanda suna rubuta wa yufoniyam a layin manyan muryoyi na ƙasa, ƙungiyoyin ƙaho irin na Ingila kuwa, kamar Black Dyke da aka kafa a 1855, a layin sama suke rubuta masa. Kujerun yufoniyam biyu ne kacal a irin wannan ƙungiya, don haka nake sa ɗalibaina su iya turombon ma, ƙahon nan da ake ja da turawa.