Kwalbar baƙin mai da ta hana Alhaji barci

Garejina yana wajen Ƙofar Ruwa, ni da yara shida, kuma abin da muke ci da shi juyen baƙin mai ne da sabis ɗin a-kori-kura, yawancinsu Hilux na 'yan kasuwa da 'yan kwangila. Yadda maigidana ya koya mini duba mai shi ne a zaro sandar awo, a murza shi tsakanin yatsu biyu, a shinshina, sannan a yanke hukunci ya mutu ko da sauransa. Ban raina wannan ba, har gobe ina yi. Sai dai man injin dizal kwana kaɗan yake yi ya zama baƙi ƙirin saboda baƙin hayaƙin da yake kwasa, alhali da ƙarfinsa, wani man kuma ka gan shi garau amma dizal ko fetur ya riga ya tsinka shi. Yatsa ba ya raba waɗannan. Shi ya sa na fara ɗiban man da muka juye a 'yar kwalba ina aikawa ɗakin gwaji a Legas, ga wanda ya yarda ya biya.

Ɗiban ma da ƙa'idarsa. Sai injin ya ɗauki zafi, a kwance noti, a bar na farko ya zuba don shi ke ɗauke da dattin gindi, sannan a tara kwalba mai tsabta a tsakiyar zubar, kamar mililita 100. A rubuta kilomitar motar, da kilomitar da man ya yi, da irin man, 15W-40 ne ko 5W-30. Akwai ranar da wani yarona ya ɗebo mini daga cikin kwanon da muke tara na kowa da kowa, wanda masu katako ke saya su shafa don gara. Da na aika wannan da mun kashe motar mutum a takarda.

Wani Alhaji da ke harkar riɗi a Dawanau ya kawo mini Hilux sabuwa fil, mai injin dizal 2.8, ledar kujeru ma bai cire ba. Juyen farko ne, ya ce a gwada. Da sakamako ya zo na tura masa ta WhatsApp, ban yi tunanin zai buɗe kafin mu haɗu ba. Bayan isha'i sai ga wayarsa.

"Malam, ƙarfe aka ce a cikin man! Ga jan ƙarfe, ga wani abu wai silikon, duk an yi musu alama. Mota ko wata biyu ba ta yi ba?"

Na ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, gobe in Allah ya kai mu ka biyo."

Bai bari rana ta ɗaga ba. Na zaunar da shi a benci, na aika a kawo shayi, na ce Alhaji sabon takalmi ma sai ya ci ƙafa kafin su saba. Sabon inji ringin fistin da bangon silinda suna gogar juna har su zauna, wannan ne ƙarfen da ka gani. Jan ƙarfen kuma yawanci daga bushi yake fitowa, wato zoben da ƙarfe ke juyawa a cikinsa, da na'urar sanyaya mai, ita ma sai ta yi 'yan dubban kilomita take daina saki. Lambobin nan da ppm ake auna su, wato kashi ɗaya cikin miliyan, ƙura ce wadda ido ba ya gani. Ya nuna wasu manyan lambobi a ƙasa, kalsiyam da zink da fosfarus, ya ce to waɗannan fa, sun haura dubu? Na ce waɗannan kamfanin mai ne ya zuba su da gangan, su ne maganin da ke cikin man. Ranar da ka gan su ƙasa sosai a sabon galan, ranar za ka san an sayar maka da na jabu.

Silikon ne abin da ni kaina nake tsayawa a kai, don a Kano baki biyu ne da shi. A sabuwar mota yana fitowa daga gam ɗin da aka liƙe inji da shi a masana'anta, wannan ba ya cutar da komai, kuma kowane juye raguwa yake yi. Amma yashi ma silikon ne. Motar da ke shiga ƙauyuka ɗauko kaya lokacin hunturu, ga hazo ga ƙurar hanyar burji, in iska mai datti ta sami ƙofa za ta zauna tana cin silinda kamar ana goga da sanfefa. Bambancin shi ne ƙurar ƙasa ba ta zuwa ita kaɗai, tana jawo alminiyam, sannan ƙarfe ya biyo su sama maimakon ya sauka. Takarda ɗaya ba za ta faɗa maka wanne ne ba. Sai ka jera ta biyu da ta uku.

Alhaji bai gamsu ba, na gani a fuskarsa. Sai na ɗauko tsohuwar filtar man motarsa da na ajiye, na yanka ta a gabansa, na warware takardar ciki a rana. Injin gwajin nan ƙananan ƙwayoyi yake gani, manyan ɓarɓashi kuwa filta ce ke riƙe su, don haka ina yanka ta duk lokacin da zuciyata ba ta kwanta ba. Ba ƙyalli, ba komai. Ya ce to, a bar wa Allah.

Bayan kilomita 5,000 ya dawo. Ƙarfe ya sauka, jan ƙarfe ya sauka, kaurin man yana inda ya kamata, ba ruwa, ba alamar dizal ya tsinka shi duk da direbansa mai son barin mota a kunne da esi ne. Silikon kaɗai ya ƙi sauka yadda nake so, alminiyam kuma ya ɗan ɗaga kai. Na buɗe bonet na bi hanyar iska da hannu. Maƙalli ɗaya na akwatin filtar iska a sake yake, ga layin ƙura ja siriri a gefen da ya kamata ya zama fes. Direban ya sunkuyar da kai, ya ce a wani wurin wanki aka cire aka hura masa da iska, shi kyauta ma aka yi masa.

Muka sa sabuwar filta, muka goge bututun, na ɗanne maƙallin da kaina. Yanzu an yi juye na uku, kwalbar tana kan teburina na rubuta mata lamba, jira nake motar Legas ta ranar Litinin. Alhaji kuwa ya ce wannan karon kada in turo masa da daddare.